Sai Zakaran Sodangi Ya Taka

Kankia,
watan Maris.

Zuwa ga ɗiyata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina shan ruwa lafiya, ke da maigidanki Abdullatif da amaryata Jannat, wadda na ji an ce ta shiga makaranta ba ta nemi izinina ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kunnena yana nan yadda kika san shi. In kika kira ni a waya, ke kina ihu a Ibadan, ni ina ihu a Kankia, maƙwabta su fi mu sanin abin da aka ce. Shi ya sa na ɗauki biro. Ashiru direba, mai kai shanu can wajenku, shi zai kawo maki takardar nan.

Maganar ƙanenki Zakiyyu ce. Na san duk sanda kika kira Inno takan ce kowa lafiya, shi ma ya karɓa ya ce lafiya. Yayata ce, amma ba gaskiya take faɗa maki ba. Zakiyyu ya karye tun bayan kaka, a wasan ƙarshe na kofin da samarin Dudunni suka buga da na Yashe a filin Kusada. Wani mai tsaron baya ya shigo mashi da ƙafa biyu, ƙwaurin dama ya tafi, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Ba a kai shi asibiti ba. Inno ta sa aka wuce da shi garin Ƙofa, wurin tsoho Sodangi maɗori. Hannun mutumin yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Sai dai gidansu suna da wata al'ada da suka gada. In ya gama ɗaure ƙafar mutum da kara, sai a kawo mashi zakara daga gidan mai karayar, ya karya ƙafarsa, ya ɗora ta ita ma. Jan zakaran Inno aka kai. A gaban mutane Sodangi ya ce wa Zakiyyu, “Ranar da zakaran ga ya taka, ranar za ka taka. Kahin nan ko yatsa kar ya taɓa ƙasa.”

Zuwansa na ƙarshe ya kwance karan, na yaro da na zakara, ya ce saura takawa, zai dawo ya gani da idonsa. Bai dawo ba. Allah ya yi mashi rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, Allah ya jiƙansa.

To, har yau zakaran bai taka ba. Yana yawo a tsakar gida da ƙafa ɗaya kamar mai langa, ɗayar ya cusa ta cikin gashi. Zakiyyu kuma yana kwance, an tura mashi matashi ƙarƙashin gwiwa. Da ƙyar da faɗa na ɗauki shatar mota, aka ciccibo shi zuwa asibiti nan Kankia, aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, tuni ya kamata yana tafiya, abin da ya rage gashi ne da motsa ƙafar. Da na faɗa wa Inno sai ta ce, “Likitan ya ga zakaran?”

Shamsiyya, tsoro nake ji. Na je Dudunni shekaranjiya, na tarar da gidan tsit, uwa na zaune bakin murhu, ɗa na kwance bakin ƙofa, su biyun sun zuba wa tsuntsu ido. Cinyar yaron nan da wando ke matsewa ta koma kamar muciya. Tunda gashin ƙashi kika karanta, kuma 'yan ƙwallo kike gyarawa kullum, ki faɗa mani abin da za mu yi.

Kawunki,
Lawal.


Ibadan,
watan Afrilu.

Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni, mun gode. Muna lafiya, Abdullatif na gaishe ka, amaryarka ta ce sai ka aiko da tsaraba za ta yi magana da kai.

Kawu, na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune. Wata nawa ina kiran gida ana ce mani lafiya? 'Ya'yan mutane nake ɗagawa daga kan gado kullum, ga nawa ƙanen yana narkewa a kan tabarma ban sani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Ka fahimtar da su wannan. Ƙashi ya warke, yanzu ba shi ne abin tsoro ba. Gwiwar ce. Gwiwar da ba a lanƙwasawa ba a miƙewa, a hankali take ƙagewa, naman cinya kuma ya zube. Tun da sauran lokaci ana iya dawo da ita. In aka bari ta daɗe, ko ni ce a kanta kullum ba lalle ta dawo yadda take ba.

A fara cire matashin nan yau. Daɗi yake mashi, amma shi ke cin gwiwar. A gasa mashi ita da tsumma da ruwan ɗumi, ba mai zafin da zai saɓule fata ba. Sannan ya miƙe ƙafar, ya danna bayan gwiwa a kan tabarma har ya ji cinyar ta yi tauri, ya saki, ya sake. Bayan nan ya jawo diddige wajen mazauninsa a hankali, iyakar inda zai iya, ya mayar. Safe da rana da yamma. Zai ji ciwo, zai ce a bari, kar a bari. Babban abin kuma shi ne a samo mashi sanduna ya miƙe tsaye, ya ɗora wa ƙafar nauyi kaɗan kaɗan. Ƙashi da nauyi yake ƙara ƙarfi.

Ba ni da abin cewa kan marigayi Sodangi, ɗorinsa ya yi kyau tunda hoto ya nuna. Amma ƙafar ɗan Adam ba ta jiran ta kaza. Zakaran nan ku yanka shi, a yi wa Zakiyyu farfesu ya sha, ya fi mashi amfani a ciki.

Ba zan samu hutu ba sai bayan damina, mu kaɗan ne a sashenmu. Ka tsaya mani a kai, Kawu, don Allah.

Ɗiyarka,
Shamsiyya.


Kankia,
watan Mayu.

Shamsiyya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai dai na yi ɓarna, kuma da hannunki a ciki.

Na hau mashin na kai takardarki Dudunni, na zauna na karanta masu ita da ƙarfi kamar ina gaban aji. Tsohon malami ba ya tsallake layi. Ina cikin karatu ban ankara ba na faɗa kan maganar farfesu. Inno ta miƙe tsaye. Ta ce, “Mi ta ce? A yanka shi bai taka ba? Ƙahwar ƙanenta ta ce a yanke ke nan!” Na ce ba haka kike nufi ba, raha ce irin taki. Ta ce, “Ka hwaɗa wa ta Badun, in boko ya cire mata tausai, mu bai cire mana ba.” Shi ya sa ba ta ɗaukar wayarki. Kar ki ce layi ne.

Tun ranar Zakiyyu ya roƙi a maido zakaran ɗakinsa, kar wani ya yi mashi illa. Yanzu yana can kife da kwando a gefen shimfiɗarsa, shi ke ba shi gero da ruwa, ba ya yarda kowa ya ɗaga kwandon. In Inno ta leƙo ta ce, “Ya taka?” sai ya girgiza kai, ta koma.

Na je har Katsina na nemo Umar, ɗan Sodangi, yana gyaran waya a bakin kasuwa. Na ce ya zo ya ɗage maganar ubansa, ko da fatar baki ce, hankalin tsohuwa ya kwanta. Yaron kirki ne, ya sayo mani ruwa mai sanyi, amma ya ce, “Baba, ni ban gaji ɗori ba. Abin da ya ɗaure da bakinshi ba ni da ikon kwancewa.” Na dawo hannu biyu.

Matashi dai na cire shi da kaina, na tafi da shi Kankia. In ina nan yakan yi danna gwiwar da jan diddigen, yana cije leɓe, gumi na zuba. In na tafi ban san abin da ake yi ba. Sanduna na sa kafinta ya yi, suna jingine a bango, gizo-gizo ya fara saƙa a kansu. Na auna da idona, diddigen ba ya zuwa inda yake zuwa a watan jiya.

Gidan ya zama wani iri, Shamsiyya. Zakaran ya daina cara da asuba, sai tsakar rana, daga cikin kwando, muryar a toshe. Yaran unguwa sun daina bi ta ƙofar. Abokan ƙwallonsa da ke cika ɗakin da surutu sun ɗauke ƙafa, sai su tsaya a zaure su aiko da gaisuwa. Wata tsohuwa ta ce wai Sodangi ne bai saki ƙafar ba. Na yi mata tsawa, na ce mamaci ya tafi da nasa aikin. Amma da na shiga ɗakin na zauna tsakanin yaron da kwandon, ni ma sai na ji kamar mu uku muna jiran wani ya yi sallama.

Ki yi haƙuri da uwarki. Tsoro ne ke magana da bakinta.

Kawunki,
Lawal.


Ibadan,
ƙarshen watan Yuni.

Kawu,

Ina gaisuwa, an yi Sallah lafiya? Wannan ita ce takardata ta biyu ba amsa. Ashiru ya rantse ya damƙa maka ta farko hannu da hannu. Na kira wayarka, ka ɗauka ka ce “Na'am? Na'am?” ka kashe. Zakiyyu kuma ba ya wuce “lafiya lau, Yaya.” Ko kai ma fushi kake yi da ni? In wani abu ya faru ka faɗa mani, shirun ya fi ci mani rai.

Maganar farfesu na yi nadamarta. Na manta da wa nake magana. Ka ce wa Inno ɗiyarta ta tuba, ba za ta sake ba.

Bari in maimaita abin da na rubuta a waccan: tunda zakara ake jira, to a yi jinyar zakaran. Kar ka yi dariya. Ka ɗauko shi ka duba ƙafar, wataƙila ita ma ƙagewa ta yi. Ka gasa mashi da ruwan ɗumi, ka shafa man shanu, ka riƙa miƙe yatsun kana lanƙwasawa, ka ɗora shi a ƙasa kana tallafe da shi. In likitar gashi ta koma yi wa kaji aiki don ƙanenta ya tashi, na yarda.

Akwai wani ɗan wasa da ake kawo mana nan, sa'ar Zakiyyu ne. An bar tasa gwiwar ta daɗe. Jiya na ga yana salla a kan kujera, ƙafar a miƙe gabansa kamar ba tasa ba. Na shiga banɗaki na yi kuka. Ba kofi nake nema wa Zakiyyu ba, Kawu. So nake ya iya durƙusawa ya kai goshinsa ƙasa, ya zauna tahiya kamar kowa. Lokaci na ƙure mana.

Shamsiyya.


Kankia,
watan Yuli.

Ɗiyata,

Lafiya muke, ruwa ya sauka, an yi shuka. Ba fushi nake ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa, don ban san ta inda zan fara ba.

Ta farkon takardunki biyun nan da ban amsa ba, ita ma maganar jinyar zakara ta yi, kuma na bi. Washegarin ruwan farko na cika fulas da ruwan ɗumi, na ƙulla man shanu a leda, na hau mashin ina jin kunyar kaina. Na tarar da gari ya watse gona, Inno ma ta tafi gayaunarta. Na yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Ko an amsa ba ji zan yi ba, don haka na ɗaga labule na shiga.

Kwandon na gefe, a buɗe. Zakaran yana tafiya a tsakar ɗaki da ƙafafunsa biyu. Ba ɗingishi, ba komai. Da ƙafar damar ma yake tonon ƙasa, Zakiyyu na watsa mashi gero.

Ya yunƙura zai rarumo kwandon, hannunsa bai kai ba. Muka tsaya muna kallon juna, tsuntsun na kai da kawo tsakaninmu. Na ce, “Tun yaushe?” Ya motsa baki, ban ji ba. Na matsa na kai mashi kunne, abin da ya so ya faɗa da raɗa dole ya faɗe shi da ƙarfi. Ya ce, “Tun kahin takardar Yaya ta zo na ga shina ɗosana ƙahwar in ba kowa. Shi ya sa na ce a kawo mani shi ɗaki.”

Na ce, “Zakiyyu, uwarka ta rame a kan tsuntsun nan. Me ya sa?”

Ya ce, “Kawu, kai ba ka wurin. Ba ka ji ƙarar da ta yi ba. Ni ina jin ta har yanzu. Ko itace Inno ta karya a murhu sai in toshe kunne. In na taka ta sake yi hwa? Wa zai ɗora mani? Mai ɗorin ya mutu.”

Na ce likita ya ce ƙashi ya haɗe. Ya ce likita ba shi zai taka ba. Sannan ya tuna mani abin da na manta. Ranar takawa a al'adar gidan Sodangi ba a ɓoye ake yin ta ba. Gari ake tarawa, a dama fura, a yanka zakaran sadaka, mai karaya ya tako daga ɗaki har zaure kowa na kallo. Ya ce, “Mutanen da suka san ni da gudu za su taru su ga na hwaɗi. Muddin shina cikin kwando, ba wanda zai ce in tashi.”

Ya riƙe mani hannu yana kuka, ya ce in yi mashi alkawari ba zan faɗa wa Inno ba. Na yi. Da hannuna na kama zakaran na mayar da shi ƙarƙashin kwando. Da Inno ta dawo da laka a ƙafa ta ce, “Lawal, ya taka?” sai na duƙa ina gyara takalmi.

Sunanki bai shiga alkawarin ba, shi ya sa na rubuto. In na faɗa wa Inno, a ranar za ta tara gari ta tsayar da shi da ƙarfi, kuma ina tsoron abin da hakan zai yi mashi. In na yi shiru, gwiwa na tafiya. Na koyar da yara shekaru masu yawa, ban taɓa rasa abin faɗa wa yaro ba sai a ɗakin nan.

Kawunki,
Lawal.


Ibadan,
watan Yuli.

Kawu, na gode. Wannan ta Zakiyyu ce. Ka ba shi ya karanta da kansa, kar ka karanta da ƙarfi.

Zakiyyu ƙanena,

Ina gaishe ka, ya jiki? Kar ka ga laifin Kawu, ni ce na matsa mashi. Kuma ba faɗa zan yi maka ba.

Ƙarar nan da kake ji, ba kai kaɗai ba ne. Ƙarti nake gani a nan, waɗanda ake nunawa a talabijin, ranar da aka ce su sauke ƙafa sai su riƙe mani riga kamar yara. Akwai wanda ya yi amai. Ba ragwanci ba ne, jiki ne bai manta ba. Ba ya kuma mantawa a kwance, sai ƙafar ta taɓa ƙasa ta ga ba abin da ya faru.

Kawu ya sa an turo mani hoton ƙashinka a waya, na duba shi da kyau, na nuna wa babban likitanmu. Inda ya karye ya yi kauri, ya kama gam. Tsayuwa ba za ta karya shi ba. Ban taɓa yi maka ƙarya ba, ko lokacin da kake ƙarami kana tambayata ko allura da zafi.

Don haka ba zan yi maka alkawarin ƙwallo ba. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne kowane mako da ya wuce yana tafiya da wani abu daga gwiwarka wanda ba zai dawo ba.

Ba sai an tara gari ba. Ku zaɓi ranar da Inno ke gona. Ka jingina bayanka da bango, ka dafa kafaɗun Kawu, ka tashi a kan ta hagu. Sannan ka sauke ta dama, tafin duka, ka bar ta ta ji ƙasa. In ka ji jiri ka zauna, ka huta, ka sake. In ka faɗi, Kawu ne kawai zai gani, shi kuma ya ga faɗuwarka tun kana rarrafe.

In ka tsaya, Kawu ya kai ka Katsina wurin ƙawata Salma, tare muka yi karatu, na yi mata bayaninka. Inno kuma ka bar ta da zakaranta, ba sai ta san komai ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Shamsiyya.


Kankia,
watan Agusta.

Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai. Ƙanenki ya taka.

Bai yarda nan da nan ba. Takardarki ta kwana biyu a ƙarƙashin tabarmarsa, na yi zuwa na koma, na sake zuwa na koma. Ranar da ya yarda ana yayyafi, Inno na wurin noma. Muka yi yadda kika ce. Ya tashi a kan ta hagu, farcensa ya nutse a kafaɗata, har yanzu da shaidar. Ta daman tana rataye. Ya rufe ido, ya ce in yi ta magana kar ɗakin ya yi shiru. Ban san abin da na yi ta faɗa ba, ina jin har farashin taki na kawo. Sai na ji nauyinsa ya ragu a kaina. Na duba ƙasa, tafin ƙafar na shimfiɗe a kan daɓe.

Muka je bakin ƙofa muka dawo. Da kansa ya tura kwandon da sanda, zakaran ya fita tsakar gida yana baza fiffike.

Inno ta shigo da fartanya a kafaɗa, ta ga zakaran yana kiwo da ƙafa biyu. Ta yar da fartanyar ta rangaɗa guɗa, sannan ta juya ta ga ɗanta tsaye yana dafe da ƙyaure. Ta ce, “Rana ɗaya! Kun gani? Rana ɗaya, yadda bawan Allah ya ce!” Ni da shi muka bar ta a kan haka. Washegari aka tara gari, aka dama fura, aka yanka zakaran. Ya tako har zaure da sanduna, bai faɗi ba. Inno ta ce in gaya maki ta huce, ki kira ta.

Sai dai duk wanda ke wurin ya ga abin da na gani. Ƙafar ba ta lanƙwashewa. Jefa ta yake yi ta gefe, a sandare, sannan ya bi ta. Abokansa suka fara tafi, tafin ya mutu a hannunsu.

Na kai shi wurin Salma. Ta kwantar da shi, ta gasa, ta lanƙwasa iyakar ƙarfinta, ta auna da wani abin awo. Ta fitar da ni waje don ta yi mani bayani, amma dole ta ɗaga murya, don haka ya ji komai. Ta ce da a watan azumi aka kawo shi, da yanzu yana gudu. Yanzu za a yi aiki mai tsawo mai ciwo. Tafiya zai yi, hawa mashin ma wataƙila. Zaman tahiya ba ta yi alkawari ba. Ƙwallo kuma ta ce a cire ta daga rai.

Muka shigo mota muka dawo Kankia. Da muka tsaya a tasha na zagayo in kama shi, ya ce in bari. Ya sauko da kansa, ya jingina sandunan da jikin mota, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu cikin mutane. Ya ɗaga ta hagu a hankali, ya bar nauyinsa duka a kan wadda ta karye. Ta riƙe shi, ko gezau. Ya daɗe yana kallon ta, hawaye na sauka a kan rigarsa. Sannan ya matso bakinsa kusa da kunnena ya ce, “Kawu, ashe tun azumi za ta ɗauke ni.”

Ki nemi hutun nan ki zo, Shamsiyya.

Kawunki,
Lawal.